Kura Da Shan Bugu, Gardi Da Karɓar Kuɗi

Ya ku 'yan'uwana ɗalibai, da ku yayyenmu da kuka riga mu fita kuka kama aikin gwamnati, ina so in tayar da wata magana wadda na san ba za ta yi wa waɗansu daɗi ba. Maganar kuwa ita ce ta gero da dawa da fari, da kuma binciken da masana ke yi a cikin ƙwayoyin gadon hatsi domin su gano yadda shuka ke jure ƙishirwa. Na sani wani zai ce ai wannan magana ce ta 'yan Tsangayar Aikin Gona, ina ruwan mai karatun shari'a ko na tsimi da tanadi? To, ruwansa yana cikin kwanon tuwonsa. A tsakiyar shekarar 2024 hauhawar farashin abinci a Nijeriya ta haura kashi 40 cikin ɗari, har magidanta masu albashi suka koma awo da rabin tiya, alhali kuwa ba wani babban fari aka yi ba. In haka rumbunmu yake a shekarar da sama ta ba da ruwa, yaya zai kasance ranar da ta hana?

Kada wani ya ce ranar ba za ta zo ba. Kakanninmu sun ga Kakalaba a 1914, iyayenmu sun ga farin 1972 zuwa 1973 wanda ya ƙarar da garken Fulani da Buzaye ya cika garuruwa da 'yan gudun yunwa, sa'an nan suka sake ganin na 1983 zuwa 1984. Tafkin Chadi, wanda faɗinsa ya kai kimanin murabba'in kilomita 25,000 a shekarun 1960, ya janye ya bar magudanun ruwan da gwamnati ta kashe maƙudan kuɗi ta gina a kudancinsa a bushe. Me shugabanni suka koya daga wannan? An ƙaddamar da shirin Ciyar da Ƙasa a 1976, aka biyo da Juyin Juya Halin Noma a 1980, aka gina manyan madatsun ruwa, aka zubar da jinin manoma a Bakolori a 1980, aka hana shigo da alkama a 1987 da zummar za mu noma tamu. Duk wannan hidima, gero da dawa, waɗanda su ne suka riƙe ran talaka a kowace yunwa da aka yi, suna rakuɓe a gefe kamar agolan gida.

Zargina ke nan, kuma zan kawo hujja a kansa: maganin fari mafi inganci da duniya ta sani a cikin hatsi yana cikin geronmu da dawarmu, waɗansu sun karanta shi sun amfana, mu kuwa masu abin mun bar ɗakunan bincikenmu cikin duhu muna jiran a sayar mana da abin da aka ciro daga rumbunmu.

Abin da ke faruwa a cikin shuka

Bari in fara da bayyana abin da ake bincike a kai, don kada a ce ina faɗa a kan abin da ban sani ba. Jikin kowace shuka an gina shi ne da 'yan mitsi-mitsin ɗakuna waɗanda ido ba ya gani sai da madubin ƙara girma, kuma a cikin kowane ɗaki akwai wani dogon zare da ake kira DNA. A jikin zaren nan ne aka jera umarnin yadda shukar za ta kasance, watau tsawon karanta, da zurfin saiwarta, da ranar da za ta fid da kai. Kowane yanki na umarnin shi ake kira ƙwayar gado, jimlarsu kuwa kundin gado.

Idan ƙasa ta fara bushewa, shuka takan ƙara haɗa wani sinadari da ake kira ABA, wanda aka fara tatso shi daga 'ya'yan auduga a 1963. Shi ne ke sa 'yan ƙofofin da ke jikin ganye, waɗanda ruwa ke fita ta cikinsu kamar gumi, su rufe. Sai a 2009 aka gano furotin ɗin da ke karɓar saƙon ABA a cikin ɗakin, watau an shekara 46 an san ɗan aike ba a san wanda yake kai wa saƙo ba. A Japan kuma, cikin shekarun 1990, Kazuo Shinozaki da Kazuko Yamaguchi-Shinozaki suka gano waɗansu ƙwayoyin gado da aka sa wa suna DREB, masu aiki irin na sarkin noma ranar gayya: in fari ya zo su ne ke tayar da waɗansu ƙwayoyin gado masu yawa su kama aiki, waɗansu su tara sukari da makamantansa domin ɗakin ya riƙe ruwa, waɗansu su haɗa furotin mai kare kayan ciki daga lalacewa in ruwa ya janye.

Amma fa a nan gizo ke saƙa. Ta ƙofofin nan da ruwa ke fita ne iskar da shuka ke haɗa abincinta da ita take shiga. In ta rufe su ta tsira daga ƙishirwa, ta kuma daina girma. A 1999 masanan Japan suka kunna ƙwayar DREB a jikin wata 'yar ciyawa ta gwaji yadda ba za ta taɓa mutuwa ba, sai ciyawar ta jure fari ƙwarai, amma ta tsumbure. Abin da manomi ke nema tsaba ce a zangarniya. Ganyen da ya rayu bai haihu ba sai dai a zuba wa akuya.

Har ila yau fari ba iri ɗaya ba ne, kuma kowane ɗan ƙauye ya san haka. Akwai na farkon damina, wanda ke ƙone tsiro a sake shuka sau biyu ko uku. Akwai na tsakiya, lokacin da hatsi ya yi ciki. Akwai kuma ɗaukewar ruwa da wuri, hatsi yana cikin ƙosawa. Halin da ke ceton shuka a ɗaya yana iya zama asara a wani. A 2013 wani masanin Japan, Yusaku Uga, da abokan aikinsa suka gano ƙwayar gado mai suna DRO1 a jikin wata shinkafar tudu ta ƙasar Filifin, wadda ke sa saiwa ta nufi ƙasa sosai maimakon ta bazu a sama. Hausawa na cewa ruwa na ƙasa sai ga wanda bai tona ba, to amma doguwar saiwa ba ta da amfani a gonar da marmara ke kwance kusa da sama. Saboda haka babu wata ƙwayar gado guda ɗaya da za a ce ita ce ta fari. Halaye ne masu yawa, kowanne da ƙasar da ya dace da ita, kuma babu mai daidaita su da jigawar Daura ko firƙin Borno sai wanda ya zauna a can ya gwada. Ku riƙe wannan, domin a kansa sauran maganata take tsaye.

Wa ya shuka, wa ya girbe

An fara noman gero a yammacin Sahara, kuma an tono shaidarsa a kwarin Tilemsi na ƙasar Mali mai shekaru kimanin 4,500. Dawa kuwa an fara nomanta a gabashin Sudan kimanin shekaru 5,000 da suka wuce. Tun daga lokacin manomin ƙasashen nan yake zaɓen iri, kowace kaka yana ware zangarniyar da ta fi jure wuya ya rataye. Wannan bincike ne na shekaru dubbai, kuma da cikinsa ya biya kuɗinsa.

Ga shaida daga maƙwabtanmu. Masana na Faransa da na Nijar sun kwatanta irin geron da aka tattara a ƙauyukan Nijar a 1976 da wanda aka sake tattarawa a ƙauyukan nan dai a 2003, suka buga sakamakon a 2011. Sun tarar geron 2003 ya fi saurin fid da kai, kuma wani nau'i na ƙwayar gado mai suna PHYC, wanda ke da alaƙa da nuna da wuri, ya ƙaru kusan ninki biyu. Watau cikin shekara 27 na ƙarancin ruwa, manoman da ba su taɓa jin sunan DNA ba sun juya kundin gadon geronsu da hannunsu. Tun kafin wannan, a 1968, wani masani mai suna Curtis da ya yi aiki a Samaru ya nuna cewa dawar kowane yanki na Nijeriya tana auna tsawon yini ne ta fid da kai daidai da lokacin da ruwan yankin ya saba ɗaukewa. Ku dubi kuma masakwa ta Borno da arewacin Kamaru, wadda ake dasawa bayan damina ta wuce, ta nuna da danshin firƙi kawai ba tare da ɗigon ruwan sama ba.

To, wa ya karanta wannan dukiya? An kammala kundin gadon shinkafa a 2005. Na dawa ya fito a 2009, kuma cibiyar da ta yi babban aikin tana ƙarƙashin Ma'aikatar Makamashi ta Amurka ne, wadda idonta ke kan man da za a tatsa daga tsirrai. Gero, abincin miliyoyin talakawan Afirka da Indiya, sai da ya jira har 2017, lokacin da cibiyar ICRISAT ta Indiya, tare da masana na Sin da Faransa da waɗansu ƙasashe, suka fitar da kundinsa mai ƙwayoyin gado kimanin 38,000, suka kuma lura yana da yalwar waɗanda ke haɗa kakin da ke rufe jikin ganye.

Ku saurari labarin kaura. A farkon shekarun 1950 wani masanin dawa na Amurka, O. J. Webster, ya ɗauki irin kaura daga Arewacin Nijeriya ya kai ƙasarsu, kuma daga nan dawa mai rawayan ciki ta shiga gonakin Amurka. Akwai wani hali da masana suka daɗe suna nema a dawa, watau ganye ya ci gaba da zama kore bayan ruwa ya ɗauke har tsaba ta cika. Manyan tushen wannan hali da masanan Ostireliya suka yi aiki da su biyu ne: wani iri mai suna B35 wanda asalinsa daga Habasha yake, da wani mai suna KS19 wanda aka samo daga auren gajerar kaura ta Nijeriya da wata dawar Amurka. Binciken nasu ya nuna cewa sirrin yana cikin tsimi ne: shukar takan rage yawan ganye da 'ya'yan gindi tun tana ƙarama, ta bar ruwa a ƙasa domin lokacin ƙosawa. Haka kuma wani gero mai saurin nuna da ake kira iniadi, na manoman arewacin Togo da Ghana, shi ne tushen irin ICTP 8203 da aka saki a Indiya a 1988, kuma daga jininsa aka sami irin da masanan ICRISAT suka yi amfani da shi suka gano yankin kundin gero mai taimakon jure ɗaukewar ruwa da wuri. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi!

Adalci ya wajaba. Ban ce waɗannan masana ɓarayi ne ba. Da yawansu sun buga abin da suka gano kowa ya karanta, kuma geron SOSAT da manomanmu ke yabo ya fito ne daga haɗin gwiwar masanan Mali da ICRISAT. Ban kuma manta da mutanenmu na Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, wadda tarihinta ya faro tun 1922, da na Cibiyar Binciken Tafkin Chadi da ke Maiduguri ba, waɗanda suka fitar da iri masu yawa cikin ƙunci da rashin kayan aiki. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma mu muka bar bangonmu ya tsage.

Masu cewa almubazzaranci ne

Kashi na farko na abokan gabar wannan magana su ne manyan ma'aikata masu riƙe da alƙalamin kasafin kuɗi. Hujjarsu ita ce, ƙasar da manominta ba shi da taki, ba shi da hanyar kai amfani kasuwa, ba ya ma iya zuwa gona don tsoron 'yan bindiga, ina ita ina binciken DNA? Na yarda taki da hanya da tsaro wajibi ne. Amma shin kuɗin da aka hana ɗakin bincike taki aka saya da shi? A 2003 shugabannin Afirka suka yi alkawari a Maputo cewa kowace ƙasa za ta ware kashi 10 cikin ɗari na kasafinta domin noma, kuma Gwamnatin Tarayyar Nijeriya ba ta cika shi ba. A 2023, talaka na kukan cire tallafin mai, Majalisar Tarayya ta sayo wa 'ya'yanta manyan motocin alfarma daga ƙasashen waje. Kuɗin mota ɗaya daga cikinsu ya isa ya sayi na'urorin ninka DNA da dama. Babu wanda ya kira wancan almubazzaranci a zauren majalisa har aka fasa.

Bugu da ƙari, wannan bincike hanya ce ta rage ɓarnar lokaci da kuɗi. A bisa tsohuwar hanya, fitar da sabon iri yakan ci kimanin shekara 10, kuma mai neman iri mai jure fari yana da wata matsala ta musamman, domin fari ba ya zuwa bisa gayyata. In damina ta yi kyau, gwajin shekarar bai gaya masa kome ba. Amma in an san alamar da ke jikin DNA kusa da halin da ake nema, sai a tsinki ɗan ganye tun shuka tana 'yar mako biyu, a gane wadda ta gaji halin, a zubar da sauran, a kai zaɓaɓɓu gona. Karanta kundin gadon ɗan Adam na farko, wanda aka kammala a 2003, ya ci kimanin dala biliyan 3. Yanzu ana yin irinsa da abin da bai kai dala 1,000 ba. Tsadar da ake fakewa da ita ta daɗe da faɗuwa. Wanda ke shakka ya dubi Ajantina, ƙasar da bashi ya yi wa katutu: wata malama, Raquel Chan, da ke aiki a jami'ar gwamnati a Santa Fe, ita ta gano ƙwayar gadon da aka yi alkamar HB4 mai jure fari da ita, wadda ƙasar ta amince da ita a 2020.

Masu jiran jirgin ruwa

Kashi na biyu sun fi na farko haɗari, domin su da sunan ci gaba suke magana. A wurinsu babu bukatar mu wahalar da kanmu, tun da kamfanonin Turai da Amurka sun riga sun gano maganin fari, namu kawai mu sa hannu a kawo. Bari mu duba abin da ke cikin buhun. A 2013 kamfanin Monsanto ya fara sayar da masarar DroughtGard a Amurka, mai ɗauke da ƙwayar gado guda da aka ciro daga wata ƙwayar bakteriya ta cikin ƙasa. Ƙarin amfanin da ta bayar a matsakaicin fari kaɗan ne, kuma a fari mai tsanani ba ta hana asara. Dalili kuwa na riga na faɗa: hali mai rassa da yawa ba ya buɗuwa da mabuɗi ɗaya. A daidai wannan zamani, shirin masara mai jure fari na cibiyoyin CIMMYT da IITA, wanda ya yi aiki a ƙasashen Afirka 13 har zuwa 2015, ya fitar da iri masu yawa ta hanyar aure da zaɓe da gwaji a gonakin da aka hana ruwa da gangan.

A watan Janairu na 2024 aka saki masarar TELA a Nijeriya, wadda masanan Samaru suka yi aikin daidaita ta. Ba na cikin masu tsine mata. Kariyar da take bayarwa daga tsutsar da ta shigo mana a 2016 abu ne da manomi ke bukata. Amma masara ce, kuma masara ita ce mafi raki a cikin hatsinmu in ruwa ya yanke lokacin da take fid da gemu. Irin aure ce kuma, wadda sai an sake saye kowace shekara in ana son cikakken amfani. Manomin Gumel ko na Illela, wanda daminarsa ba ta wuce wata uku zuwa huɗu ba, gero ne gatansa, kuma babu kamfanin duniya da zai zuba dukiyarsa a kan amfanin da mai nomansa ke ajiye irinsa a rumbu. In ba mu yi wa gero aiki ba, sai dai mu jira sadakar masu ba da agaji, wadda ke zuwa da wa'adin shekara biyar ta tafi. Zanen aro ba ya rufe katara.

'Yan'uwanmu 'yan gwagwarmaya

Kashi na uku a cikinmu suke, kuma da su nake zama a taron ƙungiya. Da zarar sun ji an ambaci ƙwayoyin gado sai su miƙe su ce makircin 'yan jari-hujja ne, sabon salon mulkin mallaka ne, a kore shi baki ɗaya. 'Yan'uwa, tsoronku yana da tushe, domin wanda ya mallaki iri ya mallaki tukunya. Amma kun haɗa abu biyu da ba ɗaya ba. Karanta kundin gadon gero daban, ɗauko ƙwayar gado daga wata halitta a dasa masa daban. Zaɓen iri ta hanyar alama bai ƙara wa shuka kome daga waje ba. Abin da kakanka ke yi ne da ido a bakin rumbu, aka ƙara masa tabarau.

Sa'an nan ku gaya mini, wa zai tsare mu in mun ƙi koyo? An kafa hukumar kula da lafiyar irin waɗannan fasahohi a Nijeriya a 2015, kuma takardun da kamfanoni ke kai mata cike suke da bayanin DNA. A 2024, a taron Majalisar Ɗinkin Duniya a birnin Kali na Kolombiya, aka kafa asusun da kamfanoni masu cin ribar bayanan kundin gado za su riƙa zuba wani abu domin ƙasashen da aka samo halittun. Yanzu ba sai an ɗauki buhun kaura an hau jirgi ba, bayanin kawai ake saukewa daga intanet. Ƙasar da ba ta da masu iya karanta wannan bayani ba za ta ma san an ɗauki nata ba, balle ta nemi haƙƙinta. Wanda bai iya karatu ba, da babban yatsansa yake dangwala wa takardar da za a karɓe gonarsa.

Laifin gida

Ba zan kammala ban taɓa jami'a ba, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Na ga wata ɗalibar digiri na biyu ta yi damina guda tana tattara ganyen dawa daga gonakin gwaji tana ajiyewa a firiza, aka ɗauke wuta kwana uku, janareta babu mai, ta zo ta tarar aikinta ya narke ya zama ruwa. Ta zauna a bakin ƙofa ba ta ce kome ba. A ginin hukumar makarantar kuwa, na'urar sanyaya ɗaki ba ta daina kuka ba. Yajin aikin malaman jami'a na 2022 ya fara a Fabrairu ya ƙare a Oktoba, watau ya haɗiye damina sukutum, kuma shuka ba ta san sulhu da gwamnati ba.

Malamanmu ma suna da nasu kaso. Tsarin ƙarin girma yana ƙirga yawan maƙalun da aka buga, ba ya tambayar ko wani manomi ya taɓa shuka abin da aka gano. Don haka ake ta maimaita gwaji a cikin 'yan tukwane 20 a bayan ofis, a hana su ruwa mako biyu, a auna ganye, a buga, a wuce. Mu ɗalibai kuma fa? Mun mai da karatun aikin gona wurin jefa wanda bai sami likitanci ba. Ɗan manomi ya zo jami'a da kuɗin geron ubansa, abu na farko da ya koya shi ne jin kunyar fartanya.

Ana cikin wannan sakaci ne dukiyar take salwanta. Kowane ƙauye da aka tasa a Zamfara ko Katsina ko Borno yana da irin geronsa da dawarsa da aka gada kaka da kakanni. Mutanen da suka gudu da kayan jikinsu ba su ɗauki iri ba, wanda ya ɗauka kuma yunwa ta sa ya daka ya ci. Irin da ya ɓace ba ya dawowa, kuma babu na'urar da za ta karanta abin da babu shi.

Abin da muke bukata

Na farko, a fita tattara irin gero da maiwa da dauro da dawa da masakwa da acca na gargajiya tun yanzu, musamman daga hannun 'yan gudun hijira, a rubuta sunan kowanne da garinsa da abin da masu shi suka sani game da shi, a ajiye a cibiyar adana iri ta ƙasa da ke Ibadan, a kuma ajiye kwafi a Arewa. Na biyu, asusun TETFund, wanda gwagwarmayar malaman jami'a ce ta haife shi, ya rage gina ƙofofin alfarma ya ware kuɗi na shekara 10 a jere domin binciken fari a gero da dawa, tare da wutar hasken rana ga kowane ɗakin ajiyar samfur. Na uku, Samaru da Maiduguri da Cibiyar Noman Ƙasashe Masu Ƙarancin Ruwa ta Jami'ar Bayero su yi aiki da takwarorinsu na Yamai da Maraɗi a matsayin gida ɗaya, domin fari ba ya nuna fasfo a Jibiya. Na huɗu, duk yarjejeniyar da za a ƙulla da wata cibiya ta waje ta ƙunshi horar da ɗalibanmu da barin kwafin bayanan a hannunmu. Na biyar, kada a ƙara wa mai binciken iri girma sai ya nuna gonar manomi inda aka gwada aikinsa, ya kuma bayyana sakamakonsa da Hausa ko Kanuri ko Fulatanci a rediyo.

Ku kuma yayyenmu na ma'aikatu, kada ku ce ku ƙananan ma'aikata ne. Ta teburinku fayil ke bi kafin ya kai ga babban sakatare, ku ke rubuta daftarin kasafi, ku ke sanin layin da aka soke da wanda aka kumbura. In kun ga an soke kuɗin man janaretan ɗakin bincike an ƙara na taron bita a otal, ku rubuta ƙin yardarku a cikin fayil ɗin da sunanku. Mu kuma ƙungiyar ɗalibai, da muka iya rufe ƙofar makaranta saboda kuɗin ɗakin kwana, ya kamata mu iya zuwa gaban majalisar jami'a mu tambayi nawa aka kashe bara a kan binciken abincin da iyayenmu ke nomawa, mu kuma buga amsar a wannan mujalla.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Irin da zai ceci manomi a fari mai zuwa, yau ya kamata a ce yana cikin gonar gwaji. Kakanninmu sun yi nasu aikin da ido da haƙuri, suka bar mana kaura da maiwa da masakwa. In fari ya dawo ya same mu da digiri a bango da rumbu wayam, jikokinsu za a tuhuma, kuma ba mu da amsar da za mu bayar.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kuma ba mu hankalin yin tanadi kafin wadda ba ta da ita.